Sannu Ba Ta Hana Zuwa? Rabuwar da Aka Yi a Jos Cikin 1950

Ran nan muna cikin darasin tarihi da 'yan aji biyu, muna maganar yadda jam'iyyun siyasa suka tsiro a Arewa, sai wani ɗalibi da ke zaune can baya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Gafarta, Malam. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ɗan siyasar da ka ji, ya yarda makarantu sun lalace, ya yarda albashin malami ba ya kai shi rabin wata. Amma da ka ce masa to a gyara, sai ya ce a yi haƙuri, gyara sai a hankali. Wai shin wannan a hankalin yaushe aka fara shi, yaushe kuma za a gama?" Ajin ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, gama tambayar ta girme shi, ta girme ni. Da ya ke an kusa buga ƙararrawa, na yi musu alkawari zan ba da amsa a rubuce. Ga shi na cika, na kuma sa a mujallar nan domin sauran 'yan'uwa su gani, tun da a garin nan namu na Jos aka taɓa yin wannan gardama a fili, har ta raba aminai.

Abu na fari da na ke so ku riƙe shi ne, waɗanda suka yi gardamar galibinsu malaman makaranta ne, watau irin aikin da ku ke koyo yanzu. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Malam Abubakar Imam, duk a Kwalejin Katsina suka yi karatu, wadda Turawa suka kafa musamman don horon malamai, kuma kowannensu sai da ya riƙe alli tukuna. Malam Aminu Kano ya biyo bayansu, shi a Kaduna ya yi nasa, don an ƙaurar da kwalejin can cikin 1938. Da ya gama aka tura shi Midil ta Bauchi, ya tarad da Malam Abubakar, ya yi aiki a ƙarƙashinsa. A Bauchin nan kuma akwai Malam Sa'adu Zungur, mutum mai kaifin harshe da alƙalami, wanda ba ya ganin ɓarna ya kau da kai. Cikin 1943 aka kafa wata majalisar taɗi a garin, su kan taru su yi muhawara a kan sha'anin mulki da ilmi. Ba ta yi tsawon rai ba. Da maganganu suka soma taɓa sarauta sai aka rufe ta. Kun ga ke nan tun can mutanen nan sun san juna ciki da bai.

To, mene ne abin da su ke kuka da shi? Yaran yanzu ba su tarad da En'e ba, saboda haka bari in bayyana. A zamanin Turawa, a yawancin ƙasashen Arewa sarki shi kaɗai ne hukuma bisa doka. Hakimai na ƙarƙashinsa, dagatai na ƙarƙashin hakimai, masu unguwa na ƙarƙashin dagatai. Ta wannan tsani a ke tara haraji da jangali a kai baitulmali. 'Yan doka na En'e ne, alƙalai En'e ke biyansu, gidan yari ma nata ne. Daga sama akwai Razdan da Di'o suna dubawa, amma talaka ba shi da ƙuri'a, ba shi da wakili. In kuwa hakimi ya zalunce shi, wurin da zai kai ƙara shi ne wurin wanda ya naɗa hakimin. Ban ce kowane sarki azzalumi ne ba. An yi adilai, an yi masu son ilmi ƙwarai. Sai dai tsarin ya jingina komi ga halin mutum guda, in an dace a sha daɗi, in ba a dace ba sai haƙuri.

Mutanen Jos da yawa sun ji nauyin tsanin nan a jikinsu. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta cinye Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adinarta ta kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka kafa aikin tilas wanda mutane suka sa wa suna diban gwamna, aka ɗora wa En'e-En'e adadin mazan da za su kawo haƙar kuza, ba a daina ba sai cikin 1944. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda aka ɗebo. Ya ce dagacinsu ne ya zo ya nuna shi da sanda, 'ya'yan masu hali kuwa ba wanda aka nuna. Suka iso da riga ɗaya ɗaya, sanyin Bukuru ya tarye su, waɗansu ciwon haƙarƙari ya kashe su tun wa'adinsu bai cika ba. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa. Bai koma gida ba, ya koyi ɗinki, ya zauna a Gangare. Irinsa suna da yawa a garin: leburori, teloli, mahauta, 'yan koli, direbobi. Jos kuwa ba tsohon birnin sarauta ba ne irin Kano ko Zariya. Garin kuza ne da jirgin ƙasa, jaridun Ikko suna isowa, kowace ƙabila akwai ta, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da ramin haƙa. Mutum ya kan iya faɗin abin da ke ransa a nan fiye da yadda zai iya a ƙauyensu.

Mu koma ga malamanmu. Wajen ƙarshen 1948 'yan boko na Zariya da Kaduna suka haɗa ƙungiyoyinsu wuri ɗaya, aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa. Aka yi babban taronta na fari a Kaduna cikin Yuni 1949, Dokta Dikko, likitan farko daga Arewa, shi ne shugaba. Ta ce abokan gabanta uku ne, jahilci da lalaci da zalunci. Amma ta yi ta nanatawa ita ba jam'iyyar siyasa ba ce, ƙungiyar kyautata zaman jama'a ce, kuma ba ta da nufin ƙwace ikon sarakuna, taimakonsu ta zo yi. Akwai dalilin wannan taka-tsantsan. Kusan duk 'ya'yanta ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e, doka kuwa ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Wanda ya cika ɗaga murya da tuwon iyalinsa ya ke wasa.

Sai ga watan Agusta na 1950, wanda a ganina shi ne mabuɗin labarin duka. Ran 8 ga wata waɗansu mutum 8 suka taru a Kano suka kafa N.E.P.U., wadda a ke kira Jam'iyyar Neman Sawaba, tsofaffi kuwa su kan ce Nefu. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta. Malam Aminu yana tare da su a zuci, amma a lokacin yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru, sai cikin Nuwamba ya ajiye aikin ya koma Kano. Cikin wannan wata na Agusta dai, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya kawo batu a kafa hukuma mai zaman kanta ta bincika tsarin En'e, a gyara shi ya dace da zamani. Ya kuwa faɗi maganganu masu ɗaci a kan cin hanci, da yadda aka mai da talaka ba a bakin komi ba, har sarakuna da dama suka ji haushinsa. Ku lura da wannan da kyau. Mutumin da daga baya aka ɗauka uban masu a-bi-a-hankali, shi ne ya tona ciwon a tsakar majalisa. Watau a kan cewa akwai ciwo, bakinsa ɗaya da 'yan Kano. A wurin magani ne suka sha bamban.

Cikin Disamba 1950 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta kira taronta na shekara a nan Jos. Har a lokacin 'yan N.E.P.U. suna ɗaukar kansu 'ya'yan jam'iyyar ne, su ne ma ƙarfin reshen Kano. Suka zo da buƙata a bar ɓoye-ɓoye, a fito a ce wannan jam'iyyar siyasa ce. Masu sassauci suka ƙi. Ƙarshenta aka tsai da shawara ɗan N.E.P.U. ba zai zauna cikin jam'iyyar ba, 'yan Kano suka kaɗe rigunansu suka yi gaba. Daga ran nan hanya ta rabu biyu, ba ta sake haɗuwa ba har soja suka rushe jam'iyyu duka cikin 1966.

Bari in gwada kawo hujjar kowane gefe yadda na fahimce ta, da bakina, ba da nasu ba. Masu sassauci suna cewa, mu nawa ne 'yan bokon nan? Kudu ta yi mana fintinkau wajen makaranta, Turawa kuma sun soma ɗaure kaya. In muka kama faɗa da sarakuna yanzu Arewa za ta dare, ranar da Turawa suka tafi mu wayi gari waɗansu ke riƙe da ofisoshinmu. Talakan ƙauye sarki ya sani, bai san mu ba. Sarakuna da Razdan-Razdan kuwa in sun haɗa kai, rana ɗaya za su rufe mu kamar yadda aka rufe majalisar Bauchi. Gara a shiga gidan da sallama a gyara daga ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu zafi kuma suna cewa, ai ba ku ƙarasa karin maganar ba, sai dai a daɗe ba a je ba. To, wa zai biya kuɗin daɗewar? Ba mai albashi ba ne, ba ɗan sarki ba ne. Wanda a ke nunawa da sanda ne, da wanda a ke sayar wa akuya don haraji. Sa'an nan kuma, ta yaya za ka danƙa gyaran tsari a hannun wanda ke cin moriyarsa? Wannan ra'ayi ne suka rubuta cikin sanarwarsu ta Sawaba, inda suka raba jama'ar Arewa gida biyu, masu sarauta da talakawa, suka ce bukatun gidajen nan ba su haɗuwa.

Ba a yi shekara ba aka gwada maganar kowa. Tsarin mulki na Gwamna Macpherson ya kawo zaɓe cikin 1951, amma zaɓe ne hawa-hawa. Masu biyan haraji su zaɓi wakilan unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gaba, haka haka har a kai matakin lardi, inda a ke fid da 'yan majalisar Kaduna. A matakin ƙasa 'yan N.E.P.U. suka yi rawar gani, musamman a birnin Kano, hankalin manya ya tashi. Ran 1 ga Oktoba 1951 sai ga Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi shelar ta zama jam'iyyar siyasa, ita ce N.P.C., Sardauna ya shigo, sarakuna suka sa albarka. Kun ji fa. Abin da aka ƙi a Jos wata 10 da suka wuce shi aka yi, sai dai an yi shi bayan an sallami waɗanda suka fara nema. A matakin ƙarshe na zaɓen kuma doka ta ba En'e damar ta ƙara mutanenta, kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe. Da aka gama tacewa, N.E.P.U. ba ta sami kujera ko ɗaya ba, majalisa ta cika da hakimai da ma'aikatan En'e. Cikin 1954, a nan Jos har wa yau, N.P.C. ta zaɓi Sardauna shugabanta, Malam Abubakar mataimaki.

An yi gyaran da aka yi alkawari? An yi wani abu. Maimakon hukuma mai zaman kanta da Malam Abubakar ya nema, Turawan mulki biyu aka sa suka yi binciken. Daga baya aka daina ce wa sarki hukuma shi kaɗai, aka ce sarki cikin majalisarsa, aka yi sabuwar dokar En'e cikin 1954, aka kafa majalisun gari da na gunduma masu zaɓaɓɓun wakilai. Amma abu uku ba a taɓa ba: 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari. A nan ne, a ganina, hujjar masu sassauci ta yi rauni ƙwarai. Gama duk mai son yin lacca sai ya nemi izni wurin En'e, in ya yi ba izni ɗan dokan En'e zai kama shi, alƙalin En'e ya yanke masa hukunci, a kai shi gidan yarin En'e. Manyan En'e kuwa yawancinsu 'yan N.P.C. ne. Saboda haka in an ce kowa ya jira, ba jira iri ɗaya a ke yi ba, wani yana jira da bulala a hannu, wani yana jira da ita a gadon baya.

Kakana ya ɗanɗana wannan. Ya yanki katin Nefu a nan Jos, ba wanda ya ce masa uffan. Wata shekara ya tafi ƙauyensu gaisuwar mutuwa, ya yi subul da baka a dandali ya yi maganar diban gwamna. Kafin gari ya waye an kai labari. Aka ce ya raina hukuma, alƙali ya ba shi wata 3. Ya kan ba ni labarin yana dariya, ya ce, "Kai ja'iri, ni na je gaisuwar kwana 3 na yi ta wata 3." Abin da ya same shi kaɗan ne in an gwada da na Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka yi ta ɗaurewa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, laifinta kuwa har da neman a ba matan Arewa ƙuri'a.

Kada kuma ku ɗauka na ce masu sassauci ba su tsinana komi ba, gama wannan ba gaskiya ba ne. A hannunsu aka yi yaƙi da jahilci, dattawa suka koyi karatu da rubutu a ƙauyuka. A hannunsu aka horar da 'yan Arewa suka kama ofisoshi, aka shigo da sabuwar dokar hukunta laifuffuka cikin 1960, aka buɗe jami'a a Zariya cikin 1962. Gwamnatin Kaduna kuwa ta sa aka bincika kuɗin En'e ta Kano, har Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus cikin 1963, abin da ya nuna wa kowa cewa yanzu gwamnati ce bisa sarakuna. Masu zafin ma ba su tsira daga lissafin siyasa ba. N.E.P.U. ta ƙulla ƙawance da N.C.N.C. ta Dokta Azikiwe. A zaɓen 1959 ta sami kujera 8, N.P.C. ta sami 134, sai N.C.N.C. ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da N.P.C. Aka wayi gari Malam Aminu yana zaune a ɓangaren gwamnati a majalisar Ikko, Malam Abubakar yana Firayim Minista, alhali a gida Arewa ana ta kama mutanensa.

Irin wannan rabuwa ba a kanmu aka fara ba. A Ghana, wadda a ke kira Gwalkwas a lokacin, Kwame Nkrumah ya bar ƙungiyar su Dokta Danquah cikin 1949, don su suna neman mulkin kai nan gaba kaɗan, shi yana nema nan take. Can mai zafin ne ya yi rinjaye, ya karɓi ƙasar cikin 1957. A Nijar kuwa Jibo Bakari na jam'iyyar Sawaba ya ce a'a ga tayin Faransa a ƙuri'ar 1958, ya sha kaye, aka haramta jam'iyyarsa cikin 1959. A nan Filato ma masu neman a yanka musu jiha daga Arewa sun dare biyu, ɓangaren Fasto David Lot na ganin a yi aiki tare da N.P.C., ɓangaren Moses Rwang ya ƙi.

Yanzu ga amsar ɗalibina, da shekaru, tun da shekaru ya tambaya. Zaɓe kai tsaye ga dukan mazan Arewa sai 1959. Jihar da 'yan Filato ke nema sai 1967, da Janar Gowon ya yanka Binuwai-Filato, hedkwata Jos. Kotuna da gidajen yari da 'yan doka, daga 1967 ne aka soma karɓe su daga hannun En'e, cikin 'yan shekaru aka gama. En'e ita kanta sai 1976 aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi, shekara 26 bayan batun Malam Abubakar, kuma a shekarar ce matan Arewa suka sami ƙuri'a. Abin da ya fi damuna cikin lissafin nan shi ne, ban da na farko, duk soja ne suka yi su da doka, rana tsaka. Majalisar da aka ce a shiga a gyara daga ciki ba ta kai ga ko ɗaya ba, har aka kashe Sardauna da Malam Abubakar cikin Janairu 1966. Duk da haka ba na tsammani sojan za su yi su cikin sauƙi haka, in da 'yan Nefu ba su shekara 15 suna shan ɗauri a kansu har kunnen kowa ya saba ba.

Saura haraji da jangali. Da siyasa ta komo, Malam Aminu ya kafa P.R.P., ta ci gwamna a Kano da Kaduna cikin 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka kuwa soke su da hawansu. Ƙauyen kakana ya faɗa cikin Jihar Kaduna ta lokacin. Ina aji huɗu na firamare ƙanensa ya aiko da wasiƙa cewa bana ba haraji. Ni na karanta masa. Ya ce, "Sake, ɗan nan." Na sake. Ya tsai da keken ɗinki ya daɗe bai ce komi ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Cikin 1980 gwamnonin nan biyu suka riƙa halartar taro da gwamnonin waɗansu jam'iyyu masu adawa da gwamnatin Shehu Shagari, shugabannin P.R.P. suka hana, suka ƙi hanuwa, aka kore su. Jam'iyya ta dare, 'yan Santsi na bayan gwamnoni, 'yan Taɓo na bayan Malam. Sai ga samari suna zargin Malam Aminu da sassauci, da kusantar masu mulki, watau daidai abin da mutanensa suka zargi su Dokta Dikko da shi a Jos shekara 30 kafin nan. Aka tsige Balarabe Musa cikin Yuni 1981, Malam ya rasu cikin Afrilu 1983 ba a gama shiryawa ba.

Rigimar ta iso har shagon kakana. Shi ɗan Taɓo ne, yaran shagonsa duk 'yan Santsi. Wata rana babban yaronsa, suna cikin musu, ya ce, "Baba, ai ku kun tsufa, kun zama 'yan a-bi-a-hankali." Tsoho ya miƙe jikinsa na rawa, ya ce shi da ya kwana gidan yari tun ba a haifi uban wani ba za a gaya wa haka? Ya kore shi, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa. Kwana biyu ya kira ni ya ce in je in zo da shi, Salla ta matso, ga rigunan mutane ba a gama ba.